Ba giya kaɗai ke bugar da direba ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Don Allah ka ɗan bani fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai, maganar masu afa ƙwaya sannan su kama sitiyari.

Abinda ya tunzura ni shine kwanakin baya na shiga motar haya tafiyar dare, direban matashi ne mai fara'a da son hira, mun ɗan yi nisa sai naga ya ɓallo ƙwayoyi biyu ya watsa a baki ya kora da ruwa, nace malam lafiya dai? Yace ai don kar bacci ya sace shi ne, kuma tun kafin in ƙara magana ya rantse min shi tunda aka haife shi bai taɓa kai giya bakinsa ba. Da alfahari fa ya faɗa. Wato a lissafinsa buguwa ta mashayin giya ce kawai, shi kuwa magani ya sha, gyara jiki yayi saboda aiki. To wannan lissafin ne yake kashe mutane, kuma ba shi kaɗai ke yinsa ba.

Shi mashayin giya ko banza yasan ya bugu, ƙafarsa na harɗewa, bakinsa na wari, na kusa da shi ma sun sani. Amma wanda ya sha tiramadol ko wata ƙwayar caji ji yake duk duniya ba direba kamarsa, gajiya ta tafi, tsoro ya tafi, sai taka totur kawai, alhali ƙwaƙwalwar da zata ce masa taka burki ta riga tayi sanyi. Tiramadol dangin mofin ne, wato maganin kashe zafin ciwon nan mai bugarwa, shima maganin ciwo ne mai ƙarfi da likitoci basa bari a wuce miligiram 400 a rana, yana kawo jiri da gyangyaɗi, in aka zarce ƙa'ida har jijjiga irin ta farfaɗiya yake kawowa, to Edita ka ƙiyasta mutum ya fara jijjiga mota na gudu. Kodin da ke cikin wasu magungunan tari shima in ya shiga jiki hanta ce ke juya shi ya koma mofin. Tabar wiwi kuwa lissafin nisa da lokaci take ɓatawa, mutum yaga mota tana tahowa ya ɗauka tana can nesa ya fito zai wuce ta gabansa. Su diazepam, ƙwayoyin kwantar da hankali da sa bacci, ma sun fi yaudara, don suna daɗewa a jini, a sha da daddare a wayi gari ana jin an warware alhali har yanzu suna nan suna aiki. Masu hana bacci irin su amfetamin da hodar iblis kuma bashi ne mutum yake ci a wajen jikinsa, in ƙarfinsu ya sake shi baccin da ya tara a lokaci ɗaya zai rufto masa ba sallama. Ballantana masu haɗa biyu ko uku su ɗora giya a kai.

Ga lissafin da kowa zai iya yi da kansa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya tak. In ido ya rufe na daƙiƙa huɗu an wuce tsawon filin ƙwallo ba mai tuƙi, mota ce ke tuƙa kanta da mutane a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shine kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, ta kuma ce wanda ya sha amfetamin haɗarin yayi hatsarin da za a rasa rai ya ninka kusan sau biyar kan wanda bai sha ba.

Sai maganar doka, wadda nan ne mutane suka fi yin sakaci. Da yawa gani suke tunda na'urar da jami'an hanya ke sa direba ya busa warin giya kawai take kamawa to mai ƙwaya ya tsira. Wannan zamanin yana wucewa. Tun 2004 jihar Victoria a Ostireliya ta fara tare direbobi a bakin titi ana gwada yawun bakinsu, ba sai kayi laifin komai ba. A Ingila da Wales tun watan Maris na 2015 doka ta jera wasu ƙwayoyi ta yanka iyakar da kowacce zata kai a jini, na sinadarin wiwi maikurogiram 2 a lita ɗaya ta jini, na hodar iblis 10, in ka wuce to kayi laifi ko da tuƙinka tsaf yake baka goge ko kaza ba. Hukuncin kuwa a ƙwace lasin aƙalla shekara ɗaya, tara wadda ba ta da iyaka, ɗauri har wata shida, kuma tabon yana zama a kan lasin ɗinka shekara 11. In ka kashe mutum a wannan halin da shekara 14 ce ƙololuwa, tun 2022 an ɗaga ta zuwa ɗaurin rai da rai. Ƙin yarda a gwada ka ma laifi ne mai zaman kansa. Kanada da ta halatta wiwi a 2018, a shekarar dai ta tsaurara dokar tuƙi da shi, wato ko inda aka yarda ka sha ba a yarda ka tuƙa ba.

Kuma kar wani yace ai likita ne ya rubuta min. Jerin na Ingila har da diazepam da mofin a ciki, takardar likita tana kare ka ne in ka sha yadda aka ce kuma bai taɓa hankalinka ba, in ya sa ka layi a titi ba ruwan alƙali da takarda. Ko maganin mura irin Piriton a jikin kwalinsa an rubuta yana sa bacci kar a tuƙa, waye a cikinmu yake karantawa? Ni ma sai da na manyanta na fara dubawa.

Bayan kotu kuma akwai sauran wahala da ba a faɗa, kamfanin inshora yana iya ƙin gyara maka motarka, iyalan wanda ka kashe ko ka nakasa su bi ka diyya, wanda tuƙin ne abincinsa ya zauna ba sana'a, neman biza ko aiki a tambaye ka ko an taɓa ɗaure ka. Wanda ya ba shi motar yana sane da halinsa shima ni a wajena ba wankakke bane, haka mai kemis ɗin da ya miƙo masa ba takarda.

Amma Edita laifin da na fi gani namu ne fasinjoji. A daren nan bayan kamar awa ɗaya motar ta fara cin layin ɗaya hannun tana dawowa, hirar direban ta ɗauke, idonsa a buɗe amma kamar ba kowa a ciki, na waiga ina neman wanda zai mara min baya kowa yayi tsit, wani dattijo ma cewa yayi in bar yaro yayi aikinsa kar in ɗaga masa hankali, rai ai a hannun Allah yake. Haka ne, amma ai cewa akayi ka ɗaure raƙuminka sannan kayi tawakkali. Da muka tsaya shan mai na ɗauki jakata na sauka na kwana a kan benci har gari ya waye. Kuɗina bai dawo min da ko sisi ba, mutum shidan da suka rage kuma suka gyara zama motar ta tashi da su, har da mace mai goyo.

Naka,
wani mai karanta jaridarku a kullum.