Ƙurar Katako: A Duba Lamba Kafin a Sayi Matatar Iska

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwana kafintoci, musamman masu aiki da inji a rufaffen shago, game da na'urar tace iska da ake ratayewa a saman shago, saboda na lura mai saye yakan duba arha ko girman akwati, ya manta da tambayar irin ƙurar da na'urar za ta iya kamawa.

Garin katakon da ke taruwa a ƙarƙashin zarto, wanda masu kiwon kaji ke kwasa a buhuna, ba shi ne abin tsoro ba, tunda tsintsiya ta ishe shi. Abin tsoro shi ne ƙurar da ba ta sauka da wuri, wadda sai hasken rana ya ratso ta taga ake ganinta tana shawagi. Kaurin gashin mutum ya kai kusan maikiron 70 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), amma ƙurar da ba ta kai maikiron 10 ba tana wuce hanci ta gangara huhu, kuma mafi laushinta takan shafe awanni a iska bayan an kashe inji. Tun a shekarun 1960 likitoci suka gano yawaitar sankarar hanci a tsakanin masu yin kujeru a garin High Wycombe na Ingila, kuma a 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Ƙurar iroko da obeche, waɗanda ake kawo mana daga kudu, an san tana jawo asma, shi kuwa allon MDF, wanda ake yi da niƙaƙƙen katako da aka danne, ban da laushin ƙurarsa, da gam mai sinadarin formaldehyde ake haɗa shi.

Don haka lambar farko da ya kamata a nema ita ce ta laushin tacewa. Buhun yadin da ke zuwa da injinan zuƙar ƙura masu arha sau da yawa maikiron 30 yake tarewa, wato yana riƙe garin da ba ya cutarwa, ya feso mai cutarwar cikin ɗaki da ƙarfin inji. Akwai ma'aunin ingancin matata da ake kira MERV, wanda ya tashi daga 1 zuwa 16, kuma a ganina bai kamata kafinta ya karɓi ƙasa da 13 ba a matatar ciki. Matatar HEPA ta fi, domin tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar maikiron 0.3, sai dai tana saurin toshewa kuma tana buƙatar fanka mai ƙarfi. Shi ya sa na fi son na'ura mai hawa biyu, ta gaba mai arha da ake kakkaɓewa, ta baya mai laushi da ake sauyawa.

Lamba ta biyu ita ce yawan iskar da na'urar ke ja. Shago mai tsawon mita 6, faɗin mita 5, tsayin mita 3, yana ɗauke da iska kubik mita 90, kuma idan ana son a tace ta sau 6 a awa, kamar yadda aka saba ba da shawara, ana buƙatar kubik mita 540 a awa, wato kusan CFM 320 (kubik ƙafa a minti) a lissafin da ake rubutawa a jikin kwali. A ƙara a kan haka, domin ƙarfin jan yana raguwa da zarar matatar ta fara cika, balle a lokacin hunturu da ƙurar gari ke haɗuwa da ta katako. Kafin a biya kuɗi kuma, a tambayi mai kaya ko yana da matatar canji, in ba haka ba wata rana fanka kawai za a ga an rataye.

Duk da haka, Malam Edita, na'urar da aka rataye a sama tana tace ƙurar da ta riga ta wuce ta gaban hancin mai aiki ne. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi na'ura biyu ba, gara ya fara da injin da ke zuƙe ƙura daga bakin zarto da na'urar goge katako, ya kashe fankar sama lokacin guga, ya daina hure benci da iskar kwamfireso, sannan ya sayi takunkumin tace ƙura mai lambar N95 ko FFP2, ba ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba. Yaran da ke koyon sana'a su ake barin wa aikin guga, saboda haka su ya kamata a fara ba takunkumin.

Ina kira ga ƙungiyoyin kafintoci da 'yan katako, daga Na'ibawa a Kano har Panteka a Kaduna, da su haɗa kuɗi su riƙa sayo matatu da takunkumi a sari, domin farashin ya sauko yadda ƙaramin shago zai iya saye.

Wassalam,
Wani kafinta mai karanta jaridarku, daga Kano.