Taswirar sama: Afirka na fama da ƙarancin tashoshin awo

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Ni aikin safiyo nake yi, awon filaye da gonaki, kuma duk abokin sana'a da yamma ta taɓa riska a gona da na'urar GPS ya san abin da zan faɗa, da hantsi na'ura na aiki lafiya lau amma rana na faɗuwa sai ta fara kamawa tana saki, ga mai fili tsaye a kanka yana ganin kamar ba ka iya aikin ba.

Sau da yawa ba laifin na'urar ba ne. Can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa 1,000, akwai wani sashe da ake kira ayonosfiya, inda hasken rana ke ɓantare ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, daga iskar wurin. Iyayenmu masu rediyo sun daɗe suna cin moriyarsa, shi ke dawo da muryar tashoshi irin su BBC ƙasa a gajeren zango, shi ya sa ma mitar shirin safe daban ta dare daban. To taurarin GPS suna can sama da kilomita 20,000, dole saƙonsu ya ratsa wannan sashe, a nan yake yin jinkiri, jinkirin kuma ya zama kuskuren awo na mita da dama in ba a gyara ba.

Dabarar da masana suka yi ce ke burge ni wallahi. Kowane tauraro na aiko saƙo a zango biyu, ayonosfiya kuma ba ta riƙe su daidai wa daida, ɗaya ya fi ɗaya jinkiri, to daga wannan bambancin ake lissafa yawan ilektiron da ke kan hanyar. Tun 1998 ƙungiyar IGS, haɗakar cibiyoyin awon GPS na duniya, ke tattara awo daga ɗaruruwan tashoshin da ke karɓar saƙon GPS a ƙasa, cibiyoyi kamar na Bern a Suwizalan da Barsalona da JPL ta hukumar NASA a Amurka su haɗa taswirar yawan ilektiron ɗin na duniya gaba ɗaya ta kowace rana.

Amma fa taswira ba ta wuce tashoshin da suka ba ta bayani. Turai da Amurka da Jafan cike suke da su, Afirka kuwa jefi-jefi, inda babu sai kwamfuta ta cike gurbin da kintace. Abin takaicin shi ne mu ne muka fi buƙata, don layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Najeriya ya ratsa, kuma a wannan yankin ne ayonosfiya ta fi rikicewa bayan magariba, sigina ya riƙa tsalle har na'ura ta rasa tauraro. Ko waɗanda ke da tashoshin ma ba su tsira ba, a guguwar rana ta 10 ga Mayu 2024 manoma a Amurka sai da suka tsayar da taraktoci ana tsakiyar shuka saboda GPS ya ruɗe, ina ga mu.

Ba wai ba mu da komai ba. Akwai tashoshin NIGNET, wato jerin tashoshin awon GPS na gwamnatin tarayya, irin na ABU Zariya da na Birnin Kebbi, ga cibiyar NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, a Toro ta jihar Bauchi. Roƙona ga gwamnatocin jihohi da jami'o'inmu, a ƙara tashoshi, kowace a sa mata sola da intanet mai ɗorewa don tashar da ta yi shiru wata guda ta bar rami a bayanan ke nan, sannan a saki bayanan kyauta ga ɗaliban fiziks da na safiyo su yi bincike da su. A 2024 masu bincike na Google sun zana irin wannan taswira da miliyoyin wayoyin Android, wayar kuwa Allah ya hore mana ita har ƙauye, ya kamata malamanmu su shiga wannan aikin tun yanzu.

Na gode,
Wani mai aikin safiyo, daga Zariya