Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da kyamarar babur

Zuwa ga Manajan Kasuwanci,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda na bi duk hanyar da kuka ce mai ƙorafi ya bi, ba a saurare ni ba. Na kira lambar da ke jikin rasit, na tura saƙo ta WhatsApp, daga baya na je shagonku da kwalin a hannuna. Amsar dai ba ta canza ba: kayan da aka saya ba a dawo da shi. Ban kama sunanku a nan ba, domin gyara nake nema, amma ku kun san da ku nake.

A tallarku kun rubuta cewa kyamarar an yi ta ne musamman domin masu babur, tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai tsananin fitowa tar, tana hana girgiza, batirinta yana kai awa biyu. A kan waɗannan alkawura na ba da kuɗina. Ya kamata ku san dalilin da ya sa irinmu ke sayen wannan kaya. Wasu suna so ne su ɗauki tafiya su ɗora a YouTube ko TikTok, ba laifi. Amma yawancinmu masu bin titin Zariya da Hadeja safe da yamma shaida muke nema. Idan mota ta goge mai babur ta wuce, maganarsa ce kawai ke hannunsa, sai fa in yana da hoton lambar motar.

Ranar da na buƙaci wannan shaidar ta zo. Wajen Na'ibawa, rana tsaka, wata mota ta yanko gabana ta kwashe madubin hagu, na sha da ƙyar, direban kuma ko waiwaye bai yi ba. Kyamarar tana ɗaure a kan babur, tana aiki. Da na koma gida na sa katin memori a kwamfuta, na riƙa tsayar da bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Ga motar nan tsaf a gabana, tazararmu ba ta fi taku biyar ba, ana ganin launinta da siffar fitilun baya. Wurin lamba kuwa farin fili ne da baƙin dabbare a tsakiya, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Da me zan je ofishin 'yan sanda?

Abin ya tsaya mini a rai, sai na zauna na bincika. Hoton 4K na gaskiya ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8 ke nan, ninki huɗu na 1080p, wato hoto mai ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Fayil ɗin kyamararku yana nuna waɗannan lambobi, ba musu. Sai dai ƙaramin hoto ake ɗauka, manhajar ciki ta buɗa shi ta cike gurbi da ƙirƙirarrun ɗigo, don haka girma ya ƙaru amma bayani bai ƙaru ba. Ga hanyar ganewa mai sauƙi, ko yaron shagonku zai iya gwadawa. Kyamarori masu ɗaukar 4K na ƙwarai suna rubuta megabit 60 zuwa 100 a daƙiƙa, minti ɗaya yana cin megabayit 450 zuwa 750. Minti ɗaya na taku bai kai 150 ba. Na ɗauki allon wani shago da ita, na sake ɗauka da wayata a 1080p daga wuri guda, rubutun ya fi fitowa a waya.

Maganar hana girgiza ta fi ɓata mini rai, domin a nan ne kuka ce kayan na babur ne. Injin baburanmu mai silinda ɗaya ne, kaɗawarsa tana bin ƙarfe har zuwa hannu. Idon kyamara kuma ba ya ɗauke hoto gaba ɗaya, layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa. Idan ana kaɗa shi yana cikin karatun, sandunan wuta da gine-gine sai su riƙa lanƙwashewa kamar ana kallonsu a cikin ruwa. Manyan masu ƙera irin wannan kaya sun sa na'urar auna motsi a ciki, tana gyara hoton tana yanke gefensa. GoPro suna kiran tasu HyperSmooth, DJI suna da RockSteady, Insta360 kuma FlowState. Ban ce ku ba ni irin waɗannan a farashinku ba, na san kuɗin ba ɗaya ba ne. Abin da nake cewa shi ne a taku, da zarar an zaɓi 4K maɓallin hana girgizar yana mutuwa, ba ya taɓuwa. Ke nan abu biyun da kuka jera a layi ɗaya a talla ba sa aiki tare, kuma babu inda kuka faɗa.

Batirin ma bai cika alkawari ba. A zafin Afrilu na Kano, inda ma'auni ke haura digiri 40, kyamarar tana ɗaukar zafi a cikin kwanson roba ta kashe kanta tun ba a je ko'ina ba. In ta mutu tana cikin ɗauka, fayil ɗin ƙarshe ba ya rufuwa, ba ya buɗuwa, kuma sau da yawa shi ne mai amfanin. In ka ce ka jona mata caji daga babur, dole ka cire kwanson, ka bar ta ga ƙura da ruwan damina. Gam ɗin manna ta a hular kwano kuwa rana ta narkar da shi.

Yallaɓai, rubutun da kuka liƙa a bango cewa ba a dawo da kaya ba ya soke doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da bayanin da aka yi masa ba, ko wanda ba ya yin aikin da aka ce zai yi. Ta kuma hana talla mai ɓatar da mutane. Ina da rasit, ina da hoton tallarku kafin a goge ta, ina da fayilolin yadda suka fito daga kati.

Ina neman ku karɓi kayanku ku mayar mini da kuɗina cikakke. Ina kuma neman ku cire 4K da maganar babur daga tallar wannan samfurin. Idan kuna ganin na yi muku ƙazafi, gani ya kori ji: ku ɗaura ta a kan babur, ku bi titi mai ramuka a nan cikin gari, ku ɗora bidiyon yadda yake ba tare da gyara ba, jama'a su gwada karanta lambobin motocin da ke gaba. Akwai masu kai saƙo da yawa da ke tara kuɗi kaɗan-kaɗan don su sayi wannan kaya, suna zaton ranar tsautsayi zai tsaya musu.

Na ba ku mako biyu daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai takarduna hukumar.

Wassalam,
Wani mahayin babur, Kano