Farin ruwan nan ba a yi masa gaggawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Katsina, kuma abin da na gani a aikin dare ne ya sa na rubuto. Wata yarinya aka yi wa tiyata bayan taifod ta huda mata hanji. Ba ta cin komai, sai aka ɗaura mata farin ruwan nan mai kama da madara, wanda ake ciyar da maras lafiya da shi ta jijiya. Na fita ɗauko magani, ina dawowa na tarar kawunta ya murza abin da ke tsaida ɗigon, ruwa na ta kwarara. Ya ce, "Sista, gara ya shiga da wuri ta samu ƙarfi." Da kyakkyawar niyya ya yi, amma wallahi gabana ya faɗi.

Wannan ruwa mai ne. Wani likitan Suwidin, Arvid Wretlind, shi ya haɗa irinsa da ake kira Intralipid, daga man waken suya da gwaiduwar ƙwai, aka amince da shi a 1962. Ya ceci rayuka da dama. Sai dai in ya shiga jini da yawa lokaci guda, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke hanta da saifa, masu haɗiye ƙwayoyin cuta, sai su shagala da haɗiyar ɗigon mai, aikinsu ya yi rauni. Fararen ƙwayoyin jinin da ke rugawa wurin ciwo ma sai su yi sanyi. To yarinyar da cikinta bai warke ba, da me za ta kare kanta? Shi ya sa muke barinsa ya yi ta ɗiga awa da awanni.

Irin man ma abin dubawa ne. Fiye da rabin man waken suya wani nau'in mai ne da ake kira omega-6, wanda jiki ke sarrafawa ya zama sinadaran kumburi. Omega-3 na man kifi kuwa lafar da kumburin yake. Don haka aka fito da gauraye irin SMOFlipid, mai ɗauke da man zaitun kashi 25 da man kifi kashi 15 cikin ɗari, ga shi da tsada.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka gayyato likita a shafinku na lafiya ya yi wa masu jinya wannan bayani da Hausa. Su ne ke kwana a gefen gado, mu kuwa nas ɗaya ce kan gadaje da yawa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Ƙofar Marusa, Katsina