Mutumina, ga labarin Jamus na 1923 ɗin

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya yara, ya fama da ɗalibai? Mu nan Berlin sanyi ya fara shigowa, sai dai addu'a.

Ka ce za ka koyar da halin da Jamus ta shiga bayan yaƙin duniya na ɗaya, to ni dai shawarata ka riƙe 1923 kawai, komai na cikinta. A watan Janairu sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr, inda kwal da masana'antun ƙarfe suke, wai Jamus ta kasa biyan diyyar yaƙi. Gwamnati ta ce wa ma'aikata kar wanda ya yi musu aiki mu za mu biya ku, to da me za a biya, sai aka dinga buga kuɗi ba dare ba rana. Da ma kuɗin nasu, mak, ya jima yana ciwo tun bashin yaƙi, nan ya ƙarasa mutuwa. Zuwa Nuwamba dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, tiriliyan fa, ba kuskuren rubutu ba ne. Wasu wuraren sau biyu a rana ake biyan albashi, mutum na karɓa zai kwasa a guje shago don kafin yamma kuɗin ba zai sayi rabin abin da zai saya da safe ba.

Abin da nake so ka nanata wa yaran shi ne ba kowa ya yi asara ba. Mai bashi a kansa ya sha, ya biya da takardar banza, irin su attajirin masana'antu Hugo Stinnes suka yi ta cin bashi suna sayen kamfanoni. Manomi ma da sauƙi tunda yana da dankali a rumbu. Waɗanda suka ga ta kansu su ne 'yan fansho da malamai da zawarawa, masu tara kuɗi a banki shekara da shekaru, tarin nasu ya koma ko burodi ba ya saya. Ni a ganina wannan haushin ne bai bar zukatansu ba, daga nan da yawa suka yanke ƙauna da jamhuriyar Weimar, wato mulkin dimokuraɗiyyar Jamus na lokacin.

Gustav Stresemann ya zama shugaban gwamnati a Agusta, ya dakatar da yajin Ruhr a Satumba ana ta zaginsa, sannan tsakiyar Nuwamba aka fito da sabon kuɗi Rentenmark, ɗaya a kan tiriliyan ɗaya na tsohon. A tsakani 'yan gurguzu sun yi bore a Hamburg, shi kuma Hitler ya gwada juyin mulki a Munich ran 8 da 9 ga Nuwamba, 'yan sanda suka buɗe wuta aka watse, aka yanke masa shekara biyar amma ko shekara bai cika ba bayan hukuncin ya fito, alƙalan lokacin sai a hankali.

Kuma duk da wannan bala'i, ran 29 ga Oktoba aka fara watsa shirin rediyo ga jama'a daga Berlin, makarantar zane da gini ta Bauhaus ma a shekarar ta yi babban baje kolinta a garin Weimar.

In kana son hotunan takardun kuɗin ka yi magana in turo ta WhatsApp, ana sayar da su nan kasuwar gwanjo da araha. Ka gaishe min da Hajiya da madam.

Naka,
abokinka na Berlin