Kafin a Yanke wa Fim ɗin Masu Shan Jini Hukunci, a Faɗi Inda Aka Kalle Shi

Ya Edita, assalamu alaikum.

Muna neman ɗan fili a jaridarku domin mu sa baki a muhawarar da ake ta yi tsakanin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Jidda, Makka da Riyad kan finafinan ban tsoro na masu shan jinin mutane da ke fitowa a 'yan shekarun nan. Mu masu sana'ar ne, wasu a ɗakin haska fim, wasu a ɓangaren sauti, wasu kuma a kwalliyar 'yan wasa. Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a watan Afrilun 2018, bayan sun yi kusan shekara 35 a rufe, masu kallo sun rabu biyu: masu yankar tikiti su shiga zaure, da masu jiran a turo musu ta waya. Sai ka ji su biyun suna gardama a kan fim guda, alhali kusan ba abu ɗaya suka gani ba.

Babban ƙorafin shi ne duhu. "Ba a ganin komai," in ji su. To, fim ɗin da ake kawo wa gidan sinima fayil ne da kan haura gigabayit 100, kuma hotonsa na iya cin megabit 250 a kowace daƙiƙa. Wanda ke yawo a WhatsApp da Telegram kuwa, fim ɗin awa biyu ne aka matse shi ya koma megabayit 300, wato kashi ɗaya bisa uku na megabit guda a daƙiƙa. Manhajar da ke matse bidiyo, wuraren duhu take fara sadaukarwa, don tana ɗaukarsu a matsayin inda ido ba zai lura ba. A fim ɗin barkwanci ba wata asara. A fim ɗin da aka ɓoye dodon a cikin inuwar bayan ƙofa, dodon kansa aka goge. Ƙari a kan haka, hoton sinima yana da matakai 4,096 tsakanin baƙi da fari a kowane launi, na irin wannan kwafin kuma 256 ne kacal, shi ya sa inuwa ke fitowa dabbare-dabbare. Idan kuma kwafin wanda aka ɗauka a ɓoye da waya a cikin zaure ne, wannan ba a ma maganarsa.

Amma fa zauren ma yana iya cin amanar fim. Ƙa'idar hasken allo ita ce kandela 48 (ma'aunin ƙarfin haske) a kowace murabba'in mita. Fitilar zenon da ke cikin na'urar haska fim tana dusashewa yayin da take tsufa, ƙura na taruwa a gilashin tagar ɗakin haskawa, wani lokaci kuma a manta matacin 3D a gaban na'ura a haska fim ɗin da ba na 3D ba. Ko wanne daga ciki na rage haske. Gane shi ba wuya: a duba rubutun fassarar Larabci da ke ƙasan allo. In farinsa ya fito tas, duhun na masu fim ne, da gangan suka yi. In ya yi toka-toka, a je a gaya wa mai kula da zaure. Sai laifin mai kallo da kansa. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma duk leƙen da aka yi wa waya yana mayar da hannun agogo baya, ga mai wayar da maƙwabcinsa duka.

Batun sauti ma haka. A tsarin 5.1 akwai lasifika uku a bayan allo, layi biyu a gefe da baya, da ɗaya ta gurnani mai ɗaukar sauti mai kauri kawai. Kusan duk maganar 'yan wasa daga ta tsakiya take fitowa. Ana haɗa sautin fim ne da maɓallin ƙara a kan lamba 7, amma zauruka da yawa kan sauke shi zuwa 5 ko 5.5 saboda masu cewa an kashe musu kunne. Ihu zai tsira, raɗa kuwa ta nutse, kuma rabin maganar dodon nan raɗa ce. Mai son jin abin yadda aka tsara shi ya nemi kujerar tsakiya, wajen kashi biyu bisa uku na tsawon zaure daga allo, don a nan ake kafa makirfon gwaji. Lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da gurnanin nan da ke sa gaba ya faɗi tun kafin a ga komai. Wanda ya ce fim ɗin bai tsorata shi ba a waya, gaskiyarsa ce, amma ba a kan fim ɗin yake ba da shaida ba.

Akwai masu cewa an yi maguɗi, wai ta yaya mai shan jini zai fito da rana bai ƙone ba. Wannan ba tsohuwar doka ba ce. A littafin Dracula na Bram Stoker na 1897, dodon na yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Mutuwa da hasken alfijir, fim ɗin Nosferatu na Jamus na 1922 ne ya yaɗa ta. Kowane fim na da damar kafa tasa dokar. Abin zargi shi ne ya kafa ta a farko, ya karya ta a ƙarshe don jarumi ya tsira. Masu tambayar me ya hana a karanta masa Ayatul Kursiyyu kuwa, mun ji, kuma mun yi dariya tare da ku. Labarin ya taso ne daga camfin gabashin Turai, shi ya sa makamansa suka zama tafarnuwa, gicciye da turken itace.

Ƙorafin jini, wato cewa jinin da ake nunawa bai yi kama da na gaske ba, shi ne wanda muka fi son a tsaya a kai, tunda matasanmu masu ɗaukar gajerun finafinai na faɗawa ramin. Haɗin jinin bogi da aka saba: kofi ɗaya na ruwan gulukos mai kauri, cokali biyu na ruwa, cokali ɗaya na jar kalar abinci, ɗigo biyu ko uku na shuɗiya, da cokali ɗaya na garin koko da aka tankaɗe. Shuɗiyar ce ke kashe ƙyallin ja, kokon kuma ya hana haske ratsa shi. In aka bar su, da fitila ta doke shi sai ya koma zoɓo. Jini kuma ba kala ɗaya ba ne. Na jijiyar da ke fitowa daga zuciya ja ne wur, yana tsartuwa da bugun zuciya, don haka ana tura shi ne da sirinji mai mililita 60 ta siririn tiyo da aka ɓoye ƙarƙashin fatar roba, ana dannawa ana saki. Na jijiyar da ke komawa ya fi duhu, gangarowa yake yi. Wanda ya kwana kuma ya koma ruwan ƙasa, don haka rigar da aka ce tun jiya ta ɓaci bai kamata ta fito ja ba. Ga wani abin da ya shafe mu kai tsaye: haɗin da aka auna a kan farar fata ɓacewa yake a kan baƙar fata, musamman a ƙarƙashin shuɗin hasken dare. Maganinsa a rage koko, a ƙara ja, a sa fitila daga gefe ko baya domin danshin ya yi ƙyalli, kuma a gwada a wuyan ɗan wasan da kyamarar da za a yi aikin, ba a tafin hannu ba. A zafin Jidda haɗin na tsinkewa ya kira ƙuda da tururuwa, sai a ajiye shi a cikin kula. Wanda zai taɓa farar jallabiya a ɗiga masa sabulun wanke-wanke don ya fita a wanki, amma wannan kada ya kusanci baki ko ido. Masu kallon da suka ce jinin wasu manyan finafinai bai gamsar da su ba, sau da yawa na kwamfuta suka gani. Alamarsa ita ce ya fantsama a iska amma bai jiƙa riga ba, bai kuma bar tabo a ƙasa ba.

Inda muke tare da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne yawan razanarwa. Dabarar sananniya ce: a janye kiɗa, a bar shiru na 'yan daƙiƙoƙi, sai a buga ƙara tare da fuska. Ta farko na aiki. Zuwa ta biyar ko ta shida mai kallo ya haddace, da shiru ya sauka ya san abin da ke tafe. Firgita daban, tsoro daban, kuma daraktan da ya dogara da firgita ya rasa tsoro ne. Wannan laifin ba na fitila ba ne, ba na waya ba.

Sai jan kunne ga matasan da ke kwaikwayon kwalliyar. Fiƙoƙin 'yan wasa ana yin su ne bisa awon bakin mutum: a ɗauki siffar haƙora da ƙullin aljinet na likitocin haƙori, wanda ke daskarewa cikin minti biyu zuwa uku, a zuba filasta mai daskarewa kamar siminti, a sassaƙa fiƙar a kai, a zubo ta da roba mai tauri da ake kira akrilik yadda za ta hau ta sauka ba tare da gam ba. Manna fiƙoƙin kasuwa da sufa-gulu na lalata fatar haƙori da dasashi. Gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido har ya rufe farin ido kuma faɗinsa ya kai milimita 22, na yau da kullum wajen 14 ne, yana rage iskar da ke isa ga ƙwayar ido, saboda haka ba a wuni da shi, ba a kwana da shi, ba a aronsa. Iyaye kuma su duba alamar shekaru a jikin tikiti. Abin da aka rubuta wa R18 a ƙofar sinima, wato na 'yan shekara 18 zuwa sama, shi ne dai ke cikin wayar da ake miƙa wa yaro a falo don ya yi shiru.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sinima da masu kwalliyar fim, Jidda, Saudiyya.