Mun je Tiga, amma na hana yara hawa kwalekwale

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafinka.

Tunda aka yi hutu yara suka sa ni gaba, wai sun gaji da gidan zu. Ranar Asabar na ce to, a shirya. Uwargida ta cika kula da dafa-duka, aka jefa tabarma da jarkar zoɓo a but, muka ɗau titin Zariya sai Dam ɗin Tiga. A Kura da Kadawa shinkafa ta yi kore shar, na ce wa babban yarona duk ruwan da ke shayar da ita daga inda za mu yake fitowa. Bai ma san a zamanin marigayi Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano ba, aka kammala aikin a 1974. Ɗan sakandare fa!

Da auta ta hango ruwan sai ta riƙe rigata: "Baba, wannan ne tekun?" Muka shimfiɗa tabarma, muka sayi soyayyar karfasa da yaji, iska tana kaɗawa. Har na manta da cunkoson kasuwar Kwari.

Can sai ga wani mai kwalekwale, ya ce a kawo yara ya zaga da su. Na tambaye shi rigar ruwa, irin wadda ke hana mutum nutsewa. Ya yi dariya: "Alhaji, mu a ruwan nan aka haife mu." Na ce su kuwa a asibiti aka haife su. Wanda ya tuna kifewar jirgin Bagwai a 2021, da 'yan Islamiyyar da suka rasu a ciki, Allah Ya ji ƙansu, ba zai miƙa ɗansa haka nan ba.

Ban ga laifin bawan Allahn nan ba, abincinsa yake nema. Masu alhakin irin waɗannan wurare nake roƙo: a raba wa masu jirage rigunan, har da ƙanana na yara, a kuma hana tashi sai an saka. Rumfa da bayan gida ma za su taimaka, don mata sun ji jiki.

Auta dai ta yi fushi, ba ta sake kula ni ba sai da muka shigo Na'ibawa, nan ma don ta hango mai rake.

Naka,
Wani magidanci daga Gwammaja, Kano